Amsar Tambaya: Waƙa a Ajin Tattalin Arziki

Tambaya: Ina koyar da tattalin arziki a aji huɗu na sakandare, ɗalibaina sai gyangyaɗi. Ya dace in sa waƙa cikin darasi?

Amsa: Malama, sa ta, kada ki ji nauyi. Ai da waƙa Nana Asma'u ta ilmantar da mata ta hannun 'Yan Taru. Ki jera ginshiƙan samar da kaya, wato ƙasa, ƙwadago, jari da ɗan kasuwa, cikin baiti mai amshi, su rera da tafi.

Amma fa waƙa hadda take bayarwa, fahimta sai da aiki. Ki mai da aji kasuwa: wasu dillalan masara a Dawanau, wasu masu saye, kuɗin kuma takarda. Zagayen farko kaka ce, buhuna jibge. Na biyu tsakiyar damina, rumbuna sun yi ƙasa. Da bakinsu za su faɗa miki dalilin tashin farashi, sannan ki zana musu buƙata da wadata a allo.

Bita ce ta fi damu na. Kafin a tashi, kowa ya rufe littafi ya rubuta abin da ya tuna, a maimaita bayan mako. WAEC da NECO rubutaccen bayani suke nema, don haka kowace waƙa ki biyo ta da tambayar jarrabawar da ta gabata.