Ƙwayar Juma'a da aka mayar ta safe da dare

Wata Litinin bayan girbin bara aka kawo mana wani dattijo daga Durun, ta ƙaramar hukumar Kabo, a kwance a bayan mota. Kwanansa uku ko koko ba ya iya haɗiyewa. Da likita ya ce ya buɗe baki, sai da ma'aikaciyar jinyar da ke kusa da ni ta kau da kai. Harshe da dasashi har cikin maƙogwaro duk sun saluɓe, jini na tsattsafowa, jiki kuma zafi rau. Ni aikina haɗa magunguna, don haka tambayata ba ta canzawa: me yake sha? Babban ɗansa ya zaro baƙar leda daga aljihu ya zazzage mini a kan tebur.

A ciki akwai Septrin, akwai Brufen, sai wata 'yar ambulan mai ƙananan ƙwayoyi ruwan ɗorawa, an ja mata layi biyu da biro, ɗaya safe ɗaya dare. Da na juya wani tsohon kwali da ke cikin ledar na ga an rubuta Methotrexate 2.5, sai gabana ya faɗi.

Dattijon ya yi shekaru da soriyasis. Gwiwoyi, gwiwar hannu da fatar kai duk sun yi ɓawo. A gari wasu su ce kirci ne, wasu su ce sammu. Likitan fata a Kano ya ɗora shi a kan ƙwaya uku kowace Juma'a, folik asid a sauran ranaku, ya kuma ce ya dawo gwajin jini. Fata ta yi luwai. Da magani ya ƙare, ga aikin gona ga kuɗin mota, sai ɗan ya ɗauki kwalin ya kai wani kemis. Mai kemis ba shi da shi, amma ya ce a ba shi kwana biyu, ya kuwa sa aka kawo daga birni.

Na ce da yaron, "Samari, wa ya ce a sha kullum?"

Ya ce, "Wallahi Malam, mai kemis ɗin ne ya ce ƙwaya 'yar mitsitsiya haka ba za ta yi wa Baba aiki sati-sati ba, wai likitan ne ke jan abin don mu yi ta komawa."

A kwana na shida baki ya fara gyambo. Nan ne ya kamata a tsaya. Ina! Suka koma wurin mutumin, ya ƙara musu Septrin saboda bakin, Brufen saboda ciwon jiki. Duk wanda ya taɓa zama ajin magunguna ya san ba a haɗa Septrin da Methotrexate, su biyun ɓargo suke dannewa. Brufen kuma ya hana ƙoda fitar da abin da ya taru. Cikin kwana 9 dattijon ya haɗiye ƙwaya 18, alhali iyakar abin da ya kamata ya sha shida ne.

Sakamakon jini ya fito, fararen ƙwayoyin jini kusan babu, ƙoda ta fara gazawa. Muka nemo allurar folinik asid da ƙyar, aka yi ƙarin jini, iyalin suka sayar da buhunan masarar da ba a daɗe da ɗinke bakinsu ba. A kwana na shida a asibiti Allah ya karɓi abinsa. Ciwon da ya zo da shi tun farko ba mai kisa ba ne, ƙaiƙayi ne da ɓawo.

Methotrexate maganin kansa ne. Da shi ake yaƙar kansar jini ta yara, kuma da shi aka fara warkar da kansar da ke tasowa a mahaifa bayan ciki, a Amurka a 1956. Likitan fata ɗan kaɗan yake tsakurowa. Ga mai ciwon fata ko na gaɓoɓi, sau ɗaya ake sha a sati. Rana ɗaya, a rubuta ta a kwali. Baki ya yi gyambo, ko zazzaɓi, ko jini a dasashi, ko tari da sarƙewar numfashi, a ajiye ƙwaya a nufi asibiti a ranar, kada a bari sai gobe.

Mace mai ciki ko mai neman ciki ba ta shan sa, yana zubar da ciki, yana nakasa jariri. Mai shayarwa ma haka. Gwajin hanta da ƙoda da jini ba dabarar cin kuɗinku ba ce, na gaji da jin wannan magana. Kuma kada a zuba shi leda ɗaya da folik asid, don sau da yawa duk ƙanana ne masu ruwan ɗorawa, tsohon da idonsa ya yi rauni ba zai bambance ba. 

Sau ɗaya a sati. Na sake faɗa, don na ga abin da ya biyo baya.

Ku kuma masu kemis na Kabo da Gwarzo da ƙauyukansu, lasisin da hukumar PCN ta ba ku na magungunan da ake sayarwa ba tare da takardar likita ba ne. A 2024 an rufe shagunan magani a Sabon Garin Kano aka ce dillalai su koma Dangwauro don a san abin da ke fita da hannun da yake shiga, amma ga maganin kansa ya isa ƙauye a 'yar ambulan. In aka kawo muku kwalin da ba ku san shi ba, ku mayar wa mai shi, ku ce ya koma wurin likitan da ya rubuta.