Gurnanin Jitar Bes: Jawabi ga Masu Gyaran Kayan Lantarki

Ƙasar Bakura da Maradun ƙasar kotso ce, ƙasar Musa Ɗanƙwairo. Amma yau akwai baƙon kayan kiɗa da kan iya faɗowa teburin mai gyaran rediyo a Talata Mafara, wato jitar lantarki, musamman mai kaurin muryar nan da ake kira bes. Kukan mai ita bai wuce ɗaya ba: tana gurnani. Magyari mai gaggawa sai ya hau kwance amfilifaya, alhali sau da yawa cutar tana jikin jitar.

Ku sani, jama'a, a ƙarƙashin tsirkiyoyi akwai maɗaukin sauti, maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar tagulla zagaye dubbai, wato koyil. In tsirkiyar ƙarfe ta kaɗa, koyil ɗin sai ya haifar da 'yar wuta, amfilifaya ya ƙara mata ƙarfi. Illar koyil ɗin ita ce ba ya zaɓe. Yana kwasar tasirin wutar gida, wadda a Najeriya ke kai da komowa sau 50 a daƙiƙa, har da na janareta da taransifoma, daga nan gurnanin ke fitowa.

Maganin da Seth Lover na kamfanin Gibson a Amurka ya nemi rajistarsa a 1955 shi ne a jera koyil biyu, wuta na bin ɗaya ta dama, ɗayan ta hagu, maganaɗisun wannan arewa a sama, na wancan kudu. Sautin tsirkiya ya juye sau biyu, don haka sai ya haɗu ya yi ƙarfi. Shi kuwa gurnani, da yake ba ruwansa da maganaɗisu, sau ɗaya ya juye, sai na wannan koyil ya kashe na wancan. Kamfanin Fender ya bi dabarar a 1957, ya raba maɗaukin bes ɗinsa Precision gida biyu.

To, a nan magyara ke tuntuɓe. In ka juya wayoyin koyil ɗaya kurum, aikin ya kife: murya ta sirance, kaurin ya gudu, gurnani ya ninku. Kada kuma ka amince da launin waya, domin kowane kamfani da tsarinsa. A na Seymour Duncan baƙa ce ke ɗaukar sauti, a haɗe ja da fara. A na DiMarzio ja ce ke ɗauka, a haɗe baƙa da fara. Na kasuwa marasa suna kuwa, sai abin da mita ta faɗa.

Ɗauki kamfas ka kusantar da shi kan kowane koyil. Ya kamata allurar ta nuna kai dabam a kowanne. Sannan jona mita mai allura a wayoyin koyil, ka ɗora sukudireba a kan maganaɗisu ka fizge. Lura da gefen da allura ta zabura, ka sa wa wayoyin alama yadda duka biyun za su zabura gefe guda. Ɗaliban Kwalejin Fasaha ta Abdu Gusau sun san lissafin da ya rage: koyil biyu masu om 4,000 kowanne, in an jera su bi da bi za su ba da 8,000 da murya mai kauri, in an haɗa su kafaɗa da kafaɗa 2,000 da murya garau.

Saura gargaɗi. Tsirkiyoyin jita a haɗe suke da wayar ƙasa ta amfilifaya. Wasu kan karya ƙafar fulogi ta uku wai don gurnani ya ragu, su bar makaɗi riƙe da ƙarfe ba kariya. A 1972 wuta ta kashe makaɗin jita Leslie Harvey a kan dandamali a Birtaniya, da ya taɓa makirfo marar wayar ƙasa. In da janareta za a yi wasa, a kafa sandar ƙarfe a ƙasa mai laima, a jona jikin janaretan da ita kafin a kunna.