Makin JAMB ya yi ƙasa, ina mai son injiniyanci zai dosa?

Da sakamakon JAMB ya fito, ofishina a makarantar da nake koyar da lissafi a Kubwa sai ya cika da iyaye. Wata shekara wani uba ya shigo da waya a hannu, ɗansa na biye da shi kai a sunkuye: "Malam, 168 ya samu, kuma injiniya yake son zama. Shi ke nan an rasa?"

Kafin mu taɓa zancen JAMB, takardar WAEC ko NECO nake fara cewa a nuna mini. In babu kiredit biyar da suka haɗa da Turanci, lissafi, fiziks da kemistiri, ko 300 yaro ya ci ba zai shiga injiniyanci a jami'a ba.

In takardar ta cika, akwai hanya. A 2025 ɗalibai sama da miliyan ɗaya da rabi ba su kai 200 cikin 400 ba. A shekarar hukumar JAMB ta tsayar da 150 a matsayin mafi ƙarancin makin shiga jami'a, 100 kuma na kwalejin fasaha. Nan iyaye ke ruɗuwa. Wannan 150 ɗin ƙofar gida ce kawai, ba ta kai mutum ɗaki. Guraben injiniyanci a Jami'ar Abuja, ABU Zariya ko FUT Minna, galibi masu maki sama da 200 ne ke cike su.

Shawarata ta farko ita ce a je cibiyar JAMB a canza makaranta zuwa kwalejin fasaha: ta tarayya da ke Nasarawa, ta Bida, ko Kaduna Poly. Shekara biyu yaro ya yi difloma ta ND, in ya fita da sakamako mai kyau ya sayi fom ɗin shiga kai tsaye (DE) ya shiga jami'a daga aji biyu. Iyayen Abuja na yatsina fuska in an ambaci poli, kamar an ce ɗansu ya koma tallan rake. Alhali ɗalibaina da suka bi nan sun isa jami'a hannunsu ya san walda da haɗa waya, abin da takwarorinsu ke gani a allo kawai. Amma a sani: wanda ya zarce babbar difloma ta HND ya tsaya, hukumar injiniyoyi ta COREN ba ta yi masa rajistar cikakken injiniya sai ya ƙaro karatu. Shi ya sa nake matsa musu kan sakamakon ND tun zangon farko.

Akwai kuma shirin share fage na IJMB da ABU ke kula da shi, kusan shekara guda, shi ma aji biyu yake kaiwa. Masu hali suna da Nile da Baze nan cikin gari, sai dai kuɗinsu miliyoyi ne.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne 'yan "kawo kuɗi in samo maka gurbi". Duk gurbin da bai fito a shafin CAPS na JAMB ba, yaro ya danna ya karɓa da kansa, matsala ce ke jiransa ranar da za a tura sunaye bautar ƙasa. Mahaifin mai 168 ɗin har ya ba wani kafin alƙalami kafin ya zo wurina. Kuɗin dai ba su dawo ba. Yaron yana Bida yanzu, shekara ta biyu a injiniyancin lantarki.