HANYAR DA KAKANNINMU SUKA BI

'Yan'uwa, da yawa daga cikinmu mun san garin da kakanninmu suka baro, amma ba mu san shekarar da suka baro shi ba. Tsofaffi ba su cika riƙe shekara ba, amma ba sa manta hanya. Saboda haka, in za mu binciki tarihin gidanmu, mu fara da tambayar abin da suka hau da inda suka sauka.

Layin dogo zai taimake mu wajen lissafi. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911. Ƙaramin jirgin da ke jigilar kuza daga Bukuru da Jos zuwa Zariya ya yi aiki daga 1914 zuwa 1957. An buɗe gadar Makurɗi a 1932, dogo kuwa bai kai Maiduguri ba sai 1964. Ke nan, in an ce kakanmu ya zo arewa ta jirgin ƙasa, amma a Makurɗi sai da aka yi fiton su a Kogin Binuwai, tafiyar ta riga 1932. Wanda kuma ya hau ƙaramin jirgin kuza, bai wuce 1957 ba.

Bayan haka, mu roƙi Fada izinin duba littafin baftisma da na aure a garin da suka sauka, mu gwada shekarun. Mu zauna da tsofaffinmu tun suna tare da mu, mu rubuta abin da suka faɗa domin 'ya'yanmu.