INA MUKA NUFA BAYAN SAKANDARE?

Kowace shekara makarantarmu ta Aujara tana yaye ɗalibai, kowa ya naɗe tabarmarsa ya ɗauki akwatinsa ya nufi gida. Daga cikinsu akwai waɗanda kan wuce makarantun gaba a wannan shekarar, akwai kuma waɗanda kan yi shekara biyu ko uku a gida suna jiran abin da ba ya zuwa. Abin lura shi ne, sau da yawa waɗanda suka zauna ɗin ba daƙiƙai ba ne. Wani ma shi ke zuwa na ɗaya a ajinsu. Abin da ya kayar da shi rashin sanin hanya ne kawai. Don haka na ga ya kamata in tattaro abin da na koya daga bakin malamanmu da yayyenmu game da abubuwa uku, watau zaɓen makaranta, da neman shiga, da kuma biyan kuɗin karatu. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

ZAƁEN KWAS DA MAKARANTA

Da farko dai ka zaɓi abin da za ka karanta kafin ka zaɓi inda za ka karanta shi. In ka tambayi 'yan ajin kimiyya abin da suke so su zama, kusan kowa zai ce maka likita. Son zama likita ba laifi ba ne, amma fa guraben kaɗan ne, masu nema kuwa ba su ƙidayuwa, karatun kuma shekara shida ne cur. Sai ka ɗauko sakamakon jarrabawarka na zango uku da suka wuce ka duba tsakaninka da Allah. In Kemistiri da Fiziks ne kullum ke ja maka baya, to, kada ka yaudari kanka don abokinka ya zaɓi likitanci. Kowa ya daka rawar wani ya rasa turmin daka tasa. Jiharmu tana bukatar malaman makaranta, da malaman gona, da injiniyoyin ruwa, da akantoci, da masu gwajin jini kamar yadda take bukatar likitoci.

Abu na biyu, ka san cewa makarantun gaba iri-iri ne. Akwai jami'a, inda ake yin digiri cikin shekara huɗu a yawancin fannoni, injiniyanci da lauyanci kuwa shekara biyar. Akwai kwalejin kimiyya da fasaha, inda ake yin ƙaramar difloma cikin shekara biyu, a fita a yi aikin koyon sana'a na shekara guda, sa'an nan a komo a yi babbar difloma cikin wasu shekaru biyu. Akwai kwalejin ilmi mai ba da takardar malanta ta NCE cikin shekara uku. Akwai kuma makarantun koyon aikin jinya da ungozoma da kiwon lafiya.

Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a shekarar 1991 ba ta da jami'a ko guda. Iyayenmu da suka yi digiri sai da suka tafi Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka kafa a 1962, ko Jami'ar Bayero ta Kano, ko wasu wurare masu nisa. Yau kuwa ga Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011, ga Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa tun 2013, ga kuma Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Babura tun 2021. Ga kwalejojin kimiyya da fasaha a Dutse da Haɗeja da Kazaure, ga Kwalejin Ilmi ta Gumel, ga makarantar koyon aikin jinya a Birnin Kudu. Nan kusa da mu ma, a Jahun, akwai makarantar koyon aikin kiwon lafiya. Ashe ke nan ƙofofin suna da yawa, in ɗaya ta rufe sai a ƙwanƙwasa wata.

Kada kuma wani ya raina difloma ko NCE. Wanda ya gama su da sakamako mai kyau yana iya shiga jami'a kai tsaye daga aji biyu ta hannun hukumar JAMB. Ga shi ya riga ya sami takardar da zai iya neman aiki da ita ya riƙa taimakon kansa. Da ka yi shekara uku a gida kana jiran gurbin likitanci, ai gara ka yi shekara ukun nan a Gumel ka fito da takarda a hannu. Sannu ba ta hana zuwa.

Kusanci ma abin dubawa ne, kuma dalilinsa biyu ne. Na farko kuɗin mota da sauƙin aiko da abinci daga gida. Na biyu shi ne yadda jami'o'in tarayya ke raba gurabe: kashi 45 cikin ɗari ga waɗanda suka fi kowa maki ko daga ina suke, kashi 35 ga 'yan jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 kuma ga jihohin da aka bari a baya wajen ilmin boko, Jigawa kuwa tana cikinsu. Saboda haka ɗan Aujara da ya zaɓi Dutse yana da ƙofa fiye da ɗaya da zai iya shiga ta cikinta, alhali da makin nan nasa a wata jami'a mai nisa watakila ko kallonsa ba za a yi ba.

NEMAN SHIGA

Mabuɗi biyu ne ke buɗe makarantar gaba. Na farko sakamakon jarrabawar WAEC ko NECO. Jami'a na neman kiredit biyar a darussan da suka shafi kwas ɗinka, a zama ɗaya ko biyu. Ingilishi dole ne ga kowa. Lissafi kuma dole ne ga mai son kimiyya ko fasaha ko fannoni irin su tattalin arziki da akanta, ko ɗan ajin adabi ma in ya samu ya ƙara wa kansa daraja. Mabuɗi na biyu shi ne jarrabawar JAMB, hukumar da aka kafa a 1978 don tsara shiga manyan makarantu. Ana rubuta darussa huɗu, tambayoyi 180 cikin awa biyu, jimlar maki 400. Sittin daga tambayoyin nan na Ingilishi ne, sauran darussa uku arba'in-arba'in.

A nan ne ɗalibai da yawa ke yin tuntuɓe na farko, watau wajen haɗa darussa. Kowane kwas da nasa haɗin. Mai son likitanci sai ya ɗauki Ingilishi da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji. Mai son injiniyanci sai Ingilishi da Lissafi da Fiziks da Kemistiri. Mai son lauyanci lalle ya haɗa da Adabin Ingilishi. In ka nemi injiniyanci ka ɗauki Bayoloji a madadin Lissafi, ko maki 300 ka ci ba za a ba ka ba, shekara guda ta tafi a banza. JAMB tana fitar da kundin da ya bayyana haɗin kowane kwas a kowace makaranta. Ka je wajen malam mai ba da shawara ku duba shi tare kafin ka cika komai, don matambayi ba ya ɓata.

Tuntuɓe na biyu shi ne suna. Tun shekarar 2021 ba a yin rajistar JAMB sai da lambar katin ɗan ƙasa, watau NIN, kuma sunan da ke kan katin nan da ranar haihuwa su ne JAMB za ta ɗauka. Mu kuwa a nan, mutum ɗaya yana iya zama Muhammad a firamare, Mohammed a katin ɗan ƙasa, Mamman a gida. Wani ya sa sunan mahaifinsa a wata takarda, a wata kuma ya sa Aujara. Kwamfuta ba ta san duk mutum ɗaya ba ne. Gyaran suna yana cin kuɗi da zirga-zirga, wani lokaci kafin a gama an rufe ɗaukar ɗalibai. Tun kana babban aji biyu ka jera takardar haihuwarka da katin ɗan ƙasa da takardar firamare ka tabbata harafi ɗaya bai saɓa ba, sa'an nan ka yi rajistar WAEC da NECO da wannan sunan. Ka kuma karɓo takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma a sakatariyar Jahun, ko ta ƙaramar hukumarku, tun kafin a buƙace ta.

Tuntuɓe na uku shi ne aike. Ba a yin rajista sai a cibiyar da JAMB ta amince da ita, kuma dole ka je da kanka, domin za a ɗauki hoton yatsunka. Ka karanta abin da aka rubuta maka a allo kafin ka ce ka yarda. Layin wayar da ka yi rajista da shi kuwa ka riƙe shi gam, kada ka yi amfani da na mai shagon kwamfuta ko na aboki, ta nan saƙonninka za su riƙa zuwa. Duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi ya ƙara maka maki ko ya saya maka gurbi, ɗan damfara ne.

Tun 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar nan gaba ɗaya. Da yawanmu ba mu da ita a gida, saboda haka duk ranar da aka buɗe ɗakin kwamfuta kada ka bari ta wuce ka. In da hali ka yi jarrabawar gwaji da JAMB ke shiryawa, don kada ranar jarrabawa ta zama ranar da hannunka zai fara rawa a kan madannai. A shekarar 2025 mafi ƙarancin makin da aka tsayar shi ne 150 ga jami'o'i, 140 ga makarantun aikin jinya, 100 ga kwalejojin fasaha da na ilmi. Amma wannan bakin ƙofa ne kawai. Kowace makaranta tana da ikon ɗaga nata, kwasa-kwasan da ake rububinsu kuwa sai wanda ya haura 200 da nisa.

Bayan sakamako ya fito aiki bai ƙare ba. Sai ka koma cibiya a ɗora sakamakon WAEC ko NECO ɗinka a shafin JAMB, ka yi rajistar tantancewa ta makarantar da ka zaɓa, ka riƙa leƙa shafin CAPS, wanda aka soma aiki da shi a 2017. A nan za ka ga an ba ka gurbi, kuma sai ka danna ka karɓa cikin lokacin da aka ƙayyade, in ba haka ba a ba wani. Gurbin da bai bi ta wannan hanya ba JAMB ba ta san da shi ba, mai shi kuwa zai sha wahala ranar tafiya bautar ƙasa.

BIYAN KUƊI

Yanzu sai babbar magana. Yawancinmu 'ya'yan manoma ne, kuɗi kuwa a gidan manomi da kaka yake shigowa. Rajistar JAMB takan faɗo ne a farkon shekara, kuɗin makaranta kuma sau da yawa sai rumbu ya yi ƙasa. Don haka ka zauna da mahaifinka cikin ladabi tun ana girbi, ka lissafa masa abin da ke tafe, don a ware buhun riɗi ko na zoɓo ko na gero da sunan karatunka. Kuɗin rajistar JAMB a 2025 bai kai naira dubu goma ba, amma ka haɗa da kuɗin mota zuwa cibiya sau uku ko huɗu, da kuɗin tantancewa, da na karɓar gurbi, da na ɗakin kwana, da littattafai, da abinci. A can ba a buga ƙararrawar cin abinci kamar yadda ake buga mana a nan, tukunyarka ce gatanka.

Kai ma ka sa hannu. Tsakanin gama jarrabawa da shiga makaranta akwai watanni da dama. Ka nemi ɗan fili ka yi gayauna, ko ka sayi ɗan rago ka yi kiwo don babbar Salla, ko ka koyi ɗinki ko aski ko gyaran waya. Ɗalibin da ya iya aski ba ya rasa kuɗin sabulu a ɗakin kwanan ɗalibai. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Sa'an nan akwai taimako iri biyu, kuma ya kamata a bambance su. Na farko sukolashif, wanda kyauta ce ba a biya. Jihar Jigawa tana da hukumar ba da tallafin karatu a Dutse, Gwamnatin Tarayya ma tana da tata. Da zarar ka yi rajista a makaranta ka riƙa sauraron sanarwarsu a rediyo da allon sanarwa, takardunka a shirye. Amma kada ka ɗora lissafin shekarar farko a kansa, domin sai ka zama ɗalibi tukuna za ka nema.

Na biyu rance ne. A watan Afrilu na 2024 aka sa hannu a sabuwar dokar rancen ɗalibai, asusun NELFUND kuma ya fara karɓar masu nema a watan Mayu na shekarar. Rancen na ɗaliban makarantun gwamnati ne. Asusun kan biya kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, wanda ya nemi kuɗin ɗawainiya kuma an fara da ba shi naira 20,000 a wata. Ba a ɗora ruwa a kansa, abin da ya kwantar wa iyaye da yawa hankali ke nan. Ana neman lambar JAMB da NIN da lambar banki ta BVN, ka ga a nan ma maganar daidaiton suna ta sake dawowa. Biya yana farawa ne shekara biyu bayan gama bautar ƙasa, a riƙa cire kashi goma cikin ɗari na albashi. Misali, mai ɗaukar naira dubu ɗari a wata za a cire masa dubu goma. Sai dai a tuna bashi ne. Ka yi shawara da iyayenka, ka karɓi iyakar abin da kake bukata, ka kuma yi niyyar biya don ƙannenmu su samu.

Daga ƙarshe ina roƙon 'yan'uwana, in mun koma hutu mu kai wannan bayani ga ƙannenmu mata da ke sauran makarantu. Asibitocinmu na neman mata masu aikin jinya da ungozoma, makarantun 'yan mata na neman malamai mata, hanyar kuwa ita ce wannan da na bayyana. 'Yan aji uku su duba haɗin darussansu a wannan mako, mu 'yan aji biyu mu duba sunayenmu a takardu a wannan hutu, 'yan aji ɗaya kuma su riƙe Ingilishi da Lissafi da kyau. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya saka wa iyayenmu da malamanmu da alheri, amin.

Daga wani ɗalibin babban aji biyu, Aujara.