Amsoshin Tambayoyinku: Tumatirin Kaka Ya Yi Fure, Ya Ƙi Ɗa

Tambaya: Malam, kakata a Zurmi ta ba ni irin tumatir ƙulle a tsumma, wai tun tana amarya shi take shukawa. Na shuka a bayan ɗaki a watan Maris, ya yi ganye shar, ya yi fure, amma furen duk ya kakkaɓe. Ko irin ya tsufa ne, in sayi na gwangwani? Daga wata mai karatu a Ƙauran Namoda.

Amsa: Malama, kada ki ɗora wa irin laifi. Da ya mutu ai ko tsirowa ba zai yi ba. Lokaci ne kika saɓa. Tumatir ba ya son bazara: zafin rana in ya haura digiri 35, dare kuma bai yi sanyi ba, garin furen yakan lalace, sai furen ya bushe ya faɗi. Shi ya sa masu lambu a bakin gulbin Gagare da fadamun Shinkafi suke zuba iri da kaka, wajen Oktoba, su yi dashe bayan mako huɗu, tumatir ya yi fure cikin hunturu.

Ki yi yadda suke yi. Ki yi rainon irin a tsohuwar roba mai huji a gindi, ki dasa da yamma, tazarar kamu ɗaya ko fiye. In ƙasar gidanki jigawa ce, ki cika buhun siminti da ƙasa da takin awaki wanda ya ruɓe sosai, don ɗanye ƙona saiwa yake yi. Ban ruwa kullum da safe, a gindi, daidai wa daida. Yau ambaliya gobe ƙishi, shi ke sa gindin ɗan ya yi baƙi. Kada ki dasa inda aka cire gauta ko attaruhu, danginsu ɗaya, cutarsu ɗaya. Ki kafa masa kara, ki kuma yi maganin kaji tun da wuri.

Batun na gwangwani kuwa, ba na kushe shi. Roma da UC82 suna jure kwando da doguwar tafiya zuwa Legas. Ke kuwa tafiyar naki daga bayan ɗaki ce zuwa tukunya. Na gida fatarsa ba kauri, ruwa gare shi da ɗan tsami, ba ya daɗewa a ajiye, amma miyarsa daban ce, in ya yi yawa kuma a yanka a shanya kauɗa. Wani abu kuma: irin kamfani mai aure, in kika cire 'ya'yansa kika sake shukawa, ba ya fitowa kamar uwarsa, dole ki koma kanti kowace shekara. Na kaka kuwa furensa kansa yake yi wa barbara, shi ya sa ya riƙe kamanninsa duk shekarun nan.

Sai dai tsufan iri ba ya kare shi daga ƙwari. Tsutsar nan da manoman Kano ke kira sharon, wadda ta cinye lambuna a 2016 har Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, ba ta barin kowane iri. Ki riƙa ɗaga ganye kina dubawa. Wanda kika ga farin zane a cikinsa kamar an yi rami, ki tsinke ki ƙone. Jiƙon dakakkun 'ya'yan dogon yaro, a fesa da yamma, yana rage su.

Idan tumatirin ya nuna, don ajiye iri ki zaɓi 'ya'ya daga uwar da ta fi lafiya. Ki matse su a kofi, ki bari kwana biyu ko uku har saman ya yi fari, ki wanke, ki zubar da masu yawo a sama. Ki shanya sauran a inuwa kan faifai, ki zuba a kwalba da ɗan toka. Yakan kai shekara huɗu yana tsirowa. Ki ɗebi kaɗan ki ba maƙwabciya, don in naki ya lalace wata shekara ki san ƙofar da za ki buga.