Kwanon Abinci Ya Fi Tsumagiya

Wani magidanci ya kira ni gidansa a kan karensa na gadi, ɗan wata takwas. Da zarar yaro ya fito da kwano, karen zai dira a kansa, abinci ya watse, har ya taɓa yage wa yaron riga. "Likita, na dake shi har na gaji," in ji shi. Na ce a ajiye tsumagiyar, a miƙo mini kwanon.

Na tsaya riƙe da kwano a ƙirji, ban ce uffan ba. Ya yi tsalle, ya yi haushi, ya zagaya ni. Can da ya gaji sai ya ɗora gindi a ƙasa yana kallona. Nan take na ce "Yauwa!" na fara sauke kwano. Ya zabura, na mayar da shi sama. Sau bakwai muka yi wannan kai-komo. A na takwas ya zauna yana rawar jiki, yawu na zuba, har kwano ya taɓa ƙasa, na ce "Ci!"

Babu wani siddabaru a ciki. Tun a 1938 masanin nan na Amurka, B.F. Skinner, ya nuna da ɓeraye cewa dabba tana maimaita duk halin da ya jawo mata lada. Shi karen nan tsalle ne yake samar masa da abinci tun yana ɗan kwikwiyo, to don me zai bari? Duka kuwa tsoron hannu kawai yake koya masa, kuma kare matsoraci ya fi saurin kai cizo.

Saboda haka kada kare ya samu komai a ɓagas. Abinci, buɗe ƙofa, kwance sarƙa, wasa, duk sai ya zauna tukuna. Ladan kuma ya zo cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. In ka tsaya lalube a aljihu, ya riga ya manta abin da ya yi. Ni dafaffiyar hanta nake yankawa ƙanana kamar ƙwayar wake. Ban da tsiren da ya sha albasa, domin albasa tana lalata jinin kare. Horon minti biyar sau biyu ko uku a rana ya isa.

Ruwan sha ba ya cikin wannan ciniki, kuma ban ce a hora shi da yunwa ba. Masu hana kare abinci wai don ya yi zafi, maƙwabta suke jawo wa masifa.

Inda aikin yake lalacewa shi ne cikin gida: maigida ya kafa doka, yara su bi ta bayan fage suna jefa masa ƙashi yana tsalle. Don Allah, kafin a fara, a tara kowa har da mai gadi, a tsayar da kalma ɗaya ta zama da ɗaya ta ci.